Daren Cornell Da Kaset Ɗin Da Muka Goge

Wani tsohon ɗalibinmu da yanzu yake karatu a Amurka shi ne ya jawo wannan magana. Lokacin da yake aji biyar mun koya musu waƙar baka, mun kuma sha nanata musu cewa makaɗi na ainihi ba ya rera waƙa ɗaya sau biyu ta fito iri ɗaya. Abin da ya faɗa yau a gidan biki, gobe in ya je ƙofar fada sai ya ƙara wani ɗa, ya zubar da wani, ya karkata wani ya dace da wanda ke zaune a gabansa. Ashe yaron ya riƙe maganar. Rannan cikin watan Mayu muna zaune muna makin takardun gwaji sai ga saƙonsa ta waya: "Malam, na samo muku Turawan da suke yin abin nan da kuke faɗa mana. Ku kama tashar nan ta intanet da ƙarfe biyu na dare agogonku, za su sa wani tsohon wasa." Muka yi murmushi muka ajiye wayar, don a ganinmu mai shekara arba'in da 'yan kai, mai iyali, wanda zai shiga aji da ƙarfe takwas na safe, ba shi ne zai raba dare yana jin kiɗan Turawa ba.

To amma zafin bazara ya yi nasa aikin. An ɗauke wuta tun magariba, ɗaki ya ƙi kwantuwa, muka fito tsakar gida da tabarma, barci kuwa ya ce bai san zancen ba. Da biyu ta buga sai muka ce bari dai mu leƙa, ko don mu sami abin da za mu ce wa yaron. Ba mu kashe wayar ba sai da aka kira assalatu.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu gabatar wa mai karatu da mutanen da ake magana a kansu. Sunan ƙungiyar makaɗan Grateful Dead, wato matattu masu godiya. An kafa ta a 1965 a jihar Kalifoniya, kusa da birnin San Francisco. Sunan da ban tsoro, amma asalinsa tatsuniya ce irin wadda mu marubuta za mu so: matafiyi ya tarar da gawar wani da aka ƙi binnewa saboda bashi, ya biya bashin aka binne shi, daga baya mamacin ya dawo a wata siffa ya saka masa da alheri. Jagoransu, Jerry Garcia, mai kaɗa jita, a cikin ƙamus ya ci karo da sunan. Sun shekara talatin suna yawon wasa, sun yi wasa sama da 2,300, har zuwa 1995 da Garcia ya mutu yana da shekara 53, ƙungiyar ta watse.

Irin kiɗansu shi ne abin da ya dame mu. In muka ce kiɗan sakin linzami ba mu yi ƙarya ba. Ba sa hawa dandamali da tsararren jerin waƙoƙin da za su maimaita kowane dare kamar sauran takwarorinsu. Sai su ɗauko waƙa mai minti huɗu, su rera baitocinta, sa'an nan su saki linzami, kowa ya shiga kaɗa abin da ya zo masa yana sauraren ɗan'uwansa, har waƙar ta kai minti goma sha biyar ko ashirin, wani lokaci ma ta narke ta zama wata waƙar ba tare da an tsaya ba. Wani daren abin ya yi kyau, wani daren ya watse, su da kansu sun yarda da haka. Saboda wannan ne masoyansu, waɗanda ake kira Deadheads, ba sa cewa "na ga wasansu" su yi shiru. Sai sun faɗi rana da wata da shekara da gari, domin na jiya ba shi ne na yau ba. Wasu ma sukan bar aiki da karatu su bi su gari gari.

Wasan da tashar ta sa mana a wannan dare shi ne na ranar Lahadi, 8 ga Mayu, 1977, wanda aka yi a Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York, cikin wani ƙaton zaure mai suna Barton Hall. An gina zauren ne tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya don faretin ɗalibai masu koyon soja, ba don kiɗa ba. Kwamitin ɗalibai ne ya shirya wasan, kuɗin shiga kuwa bai kai dala goma ba. Makaɗan su bakwai ne a lokacin: Garcia da Bob Weir a jita, Phil Lesh a jita mai kaurin murya, Keith Godchaux a fiyano, matarsa Donna Jean tana amshi, sai masu ganguna biyu, Bill Kreutzmann da Mickey Hart. Sun daina yawon wasa daga ƙarshen 1974 zuwa tsakiyar 1976, a farkon 1977 kuma sun yi watanni a ɗakin ɗaukar sauti ƙarƙashin wani mai tsananin horo da ya matsa musu da gwaji, musamman masu gangunan. Don haka suka fito a wannan bazara hannunsu ya faɗa sosai.

Gaskiya ita ce minti goma na farko ba mu ji komai ba sai hayaniya. Kunnen da ya tashi da kalangu da kukuma da sarewar finafinan Indiya bai san inda zai kama ba. Muryar Garcia siririya ce, kamar ta mai mura, Turancin kuma ba irin wanda muke koyarwa ba ne. Abin da ya fara tsayar da mu ba kiɗa ba ne ma. Kafin a shiga kashi na biyu an ji ɗaya daga cikin makaɗan yana roƙon jama'a su ja da baya taki ɗaya, don an matse na gaba da dandamali, masu ganguna kuma suna raka roƙon da ɗan kiɗa. Sai muka ga zauren a idonmu, muka ji cewa mutane ne masu gumi da numfashi a wurin, kamar dai yadda sanƙira yake tsawata wa yara a filin biki. Daga nan suka ɗauko wata waƙa mai suna Scarlet Begonias, suka bi ta, suka bi ta, har muka farga cewa an daina rera komai tun tuni. Jita mai kaurin murya tana tafiya ƙasa ƙasa kamar mai lalube a duhu, fiyano yana yayyafi, ganguna biyu suna jan juna. Can sai muka ji ƙasa ta sauya a ƙarƙashinmu, ashe an shiga wata waƙar, Fire on the Mountain, ba mu san lokacin da aka tsallaka ba. Mun koma baya sau uku daga bisani muna neman ainihin inda aka yi ɗinkin, ba mu same shi ba. Waƙoƙin biyu tare sun haura minti ashirin, kuma ba a fi wata biyu ba da fara haɗa su a gaban jama'a.

Kusa da ƙarshe suka yi wata mai suna Morning Dew, wadda ba tasu ba ce, wata mawaƙiya 'yar Kanada, Bonnie Dobson, ta tsara ta a farkon shekarun 1960 game da waɗanda suka yi saura bayan yaƙin nukiliya ya share duniya. Sun fara ta a hankali kamar mai raɗa, suka yi ta ɗaga ta sannu sannu har ta cika kunne, sa'an nan suka sake ta. A nan kam ba mu nemi tafinta ba.

Amma abin da ya hana mu barci ba kiɗan kaɗai ba ne, masu bugo waya ne. Tsakanin waƙoƙi mai gabatarwa yakan buɗe layi. Wani dattijo ya bugo ya ce yana zauren a daren, yana ɗalibi, amma in za a yanka shi ba zai iya tuna waƙa ko ɗaya da kunnensa na wannan dare ba. Abin da ya riƙe shi ne matsi da zafi, da kuma cewa da suka fito sai suka tarar da dusar ƙanƙara tana zuba, a watan Mayu, lokacin da ba a saba ganinta ba. Duk abin da ya sani na kiɗan, in ji shi, daga kaset ya san shi. Wata mata ta bugo, an haife ta ne shekaru bayan wasan, ta gaji kaset ɗin a cikin motar mahaifinta, ta san kowane lungu nasa har inda zaren ya taɓa tauna. Wani kuma ya bugo a fusace yana cewa an cika zuzuta Cornell, wasan da suka yi washegari a garin Buffalo ya fi shi nesa ba kusa ba. Mai gabatarwa ya yi dariya, da alama ya saba jin wannan kowace shekara. Har akwai wata tsohuwar zolaya a tsakaninsu cewa wai wasan ma ba a taɓa yin sa ba, ƙirƙirar sa aka yi.

Duk wanda ya tashi yana jin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna ya san wannan irin zumunci, na mutanen da ba su taɓa ganin juna ba amma sun san sunan juna da garin juna, in ɗaya ya kwana biyu bai aiko kati ba sai a fara cigiya. Bambancin kawai, su waɗannan abin da ya tara su dare ɗaya ne wanda ya wuce kusan shekara hamsin, kuma mafi yawansu ba su halarce shi ba.

Rediyo ya daɗe a cikin lamarinsu. Ƙungiyar ba ta yi fice da faifan sayarwa ba, sau ɗaya tak waƙarsu ta shiga goma na sama a Amurka, a 1987, bayan sun shekara ashirin da biyu suna wasa. Manyan tashoshi ba sa son waƙa mai minti ashirin, don ba inda za a cusa talla. Sai wani marubuci kuma makaɗi, David Gans, ya karɓi wani shirin mako mako a San Francisco a 1985, wanda ya zama Grateful Dead Hour, ƙungiyar ta ba shi izinin ɗebo tsofaffin wasanni daga rumbunta yana sawa, daga baya tashoshi da dama a faɗin ƙasar suka riƙa ɗaukar shirin. A 2007 kuma aka buɗe musu tasha sukutum a rediyon tauraron ɗan'adam. Masu sauraro sukan ɗana rikoda a gaban rediyo su kwashe shirin, kamar dai yadda mu ma muka yi a namu zamanin.

Yanzu ga tambayar da ta tsaya mana a rai. A cikin wasa sama da dubu biyu, me ya sa wannan ɗaya ya zama zakara? Ko a satin da aka yi shi akwai na New Haven ran 5 ga wata, da na Boston ran 7, da na Buffalo ran 9, masana abin kuma har gobe suna gardama a kan wanda ya fi. Amsar, a iya fahimtarmu, ba a kan dandamali take ba, tana wajen wata mata mai suna Betty Cantor-Jackson. Ita ce mai ɗaukar sauti ta ƙungiyar. A wannan dare ta jawo wayoyi daga makirfon kowane makaɗi zuwa nata teburin, ta haɗa sautin da kunnenta, ta naɗe shi a manyan faya-fayan zare. Aikinta ya fito tas, ana jin kowane kayan kiɗa a mazauninsa. Bayan wasu shekaru ta rabu da ƙungiyar, hannunta ya yi ƙasa, ta kasa biyan kuɗin hayar ɗakin da ta ajiye kayanta, aka yi gwanjonsu a 1986. Mutane dabam dabam suka saya. Waɗanda kason da ke da wasan Cornell ya faɗa hannunsu sai suka bari aka kwafa. Daga 1987 kaset ɗin ya shiga duniya, wannan ya kwafa wa wancan, wancan ya aika wa na gaba ta gidan waya. Ya zama in sabon shiga ya ce a ba shi abin da zai fara da shi, Cornell ake miƙa masa, don shi ne mai sauti garau da kowa yake da shi. Abin da mutum ya fara ji kuwa shi yake zame masa ma'auni.

Wani kason na faya-fayan Betty, mai karatu zai so ya ji, hannun wani malamin sakandare irinmu ya faɗa. Ya kai su wani ɗakin ajiya na gona ya bar su shekara da shekaru, danshi da datti suka ci su, sai da ƙyar wani gwani ya zauna ya wanke ya ceto abin da ya cetu. Da muka ji wannan ba mu yi wa malamin dariya ba, dalili yana tafe.

Kwafar nan ba sata ba ce a wurinsu, kuma wannan shi ne abin mamaki. Tun farko masoya sukan ɓoye rikoda a cikin riga su shiga da ita. Maimakon ƙungiyar ta yi ta kamun su, sai ta kau da kai, a 1984 ma ta ware musu wuri na musamman a bayan teburin sauti, da tikitinsu, su kafa dogayen sandunan makirfo su ɗauka son ransu. Ra'ayin Garcia shi ne in sun gama kaɗa abu sun gama da shi, mai so ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne: a yi musaya, a yi kyauta, kada a sayar. Wanda ba shi da abin musaya sai ya aika da kaset marar komai da kuɗin kan sarki, a cika masa a mayar. Wanda aka kama yana sayarwa kuwa, su masoyan ne da kansu suke juya masa baya. Haka abin ya tafi har a 2012 Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa wasan Cornell a jerin sautukan da ƙasa za ta adana, alhali a lokacin ƙungiyar ba ta taɓa fitar da shi kasuwa ba, ainihin faya-fayan ma ba sa hannunta. Sai a 2017, da wasan ya cika shekara arba'in, bayan faya-fayan sun koma rumbunta, aka fitar da shi a hukumance.

Kada a ɗauka muna wanke su ne. Shaye-shaye ya yi katutu a cikin wannan jama'a, ya kuma ci mutane, har da wasu daga makaɗan. Garcia kansa a gidan jinyar masu fama da ƙwaya zuciyarsa ta tsaya. Mai koyar da 'ya'yan mutane ba zai tsallake wannan ba. Amma ba shi ne ya kawo mu ba.

Abin da ya kawo mu wani kaset ne na gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da rikoda mai cin batir shida, wadda ya saya da kuɗin gyaɗa. A bikin wata gwaggonmu, muna ƙanana ƙwarai, wani makaɗin garaya na ƙauyenmu ya kwana yana wasa, ya yi wa kakanmu waƙa mai tsawo, ya jero iyaye da kakanni da gonaki da shekarar fari da wanda ya ciyar da wa. Baba ya ɗauke ta fuska biyu na kaset. Makaɗin bai taɓa shiga gidan rediyo ba, ba a daɗe ba kuma ya rasu, kakanmu ya bi shi. Kaset ɗin nan Baba ya ɓalle masa 'yan haƙoran nan na sama don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai, ya naɗe shi a ƙyalle, ya sa a akwatin ƙarfe. Sau ɗaya ko biyu a shekara yake fito da shi. 'Yan'uwa sun zo sun roƙa a ba su aro su kwafa, har wani baffanmu ya taso daga nesa da sabon kaset a aljihu, Baba ya ce a'a, rikodar wani za ta tauna masa zare. Yana ganin tsare shi yake yi.

Muna da shekara goma sha huɗu muka kamu da son waƙoƙin Indiya. Rannan za a sa su a rediyo, ba mu da kuɗin sabon kaset, mun kuma san inda makullin akwati yake. Wani abokinmu ya riga ya koya mana cewa in aka cusa 'yar takarda a ramin haƙorin da aka ɓalle, rikoda za ta ɗauka. Ba mu ma tsaya karanta abin da aka rubuta a jikinsa ba. Bayan wata uku, da Sallah, Baba ya tara baƙi ya sa kaset, sai ga sarewa da muryar mace tana Indiyanci. Bai dake mu ba, da ma ya daka da ya fi mana sauƙi. Ya bar waƙar ta yi kamar minti ɗaya, ya kashe, ya dube mu ya ce, "Duka fuska biyun?" Muka ce, "E, Baba." Ya mayar da shi cikin ƙyallen. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba.

Shekara talatin muna ɗauke da wannan a matsayin laifinmu mu kaɗai, kuma laifinmu ne. Sai a daren nan, kwance a tabarma muna jin matar da ta gaji kaset a motar mahaifinta, wani tunani ya zo mana wanda muka ji kunyar sa: da Baba ya ba baffa aro, da yaro ɗaya da 'yar takarda bai isa ya kashe waƙar ba. Faya-fayan Betty na asali sun sha gwanjo, wasu sun sha danshi, amma daren Cornell bai taɓa shiga haɗari ba tun daga ranar da kwafinsa ya kai dubu. Namu guda ɗaya ne, a kulle, a hannun mai tsananin son sa.

Mun san inda wasu 'yan'uwa marubuta za su ce mun dosa, kuma mun san za su ɓata rai. Mu ne fa muka yi shekaru muna kuka da masu ba da hayar littafi, yanzu kuma muna kuka da masu ɗaukar hoton shafuka su watsa a WhatsApp, da masu karanta littafin mutum su ɗora a YouTube ba ko sallama. Kukan nan na gaskiya ne, ba mu janye shi ba. Grateful Dead sun iya yin kyauta da sautinsu ne don abincinsu a ƙofar zaure yake. Kowane kaset da ya yi yawo talla ce, mai ji zai zo ya sayi tikiti. Marubuci ba shi da ƙofar zaure. Littafin shi ne wasan, shi ne kuma tikitin, in an kwafe shi an kwashe duka. Su kansu makaɗan da zamani ya juya, aka daina aika kaset ɗaya ɗaya ta gidan waya, aka koma kwasar dubbai a intanet cikin daƙiƙa, sai da suka ja da baya. A 2005 aka sa wani babban rumbun intanet ya sauke wasanninsu, masoya suka yi ca, su ma makaɗan bakinsu ya rabu, daga ƙarshe aka yi sulhu: abin da jama'a suka ɗauka da rikodarsu kowa ya kwafa, wanda aka ɗauka daga teburin sauti kuwa a saurara kawai. Ashe ko a can maganar ba ta da sauƙi in kuɗi ya shigo.

Duk da haka akwai abin da muka gani da idonmu. Shekarar da ta wuce mun nemi wani littafi na wani ɗan ƙungiyarmu da ya rasu, wanda ya buga da kuɗin aljihunsa a shekarun 1990. Iyalinsa ba su da shi. Maɗaba'ar ta zama shagon sayar da taya. Ɗakin karatu bai taɓa jin sunansa ba. A ina muka same shi? A ƙasan akwatin wani tsohon mai ba da haya, bangon ya sha selotef, an rubuta sunayen 'yan mata a gefen shafuka, shafi biyu sun ɓace. Mutumin da marigayin ya sha zagi a taronmu shi ne ya ajiye masa aikinsa. Mu kuwa da muke taruwa duk wata muna karanta wa juna waƙa da labari, wasu karatun ba za a sake jin irin su ba, kowa da waya a aljihu, ba mu taɓa ɗora wa wani nauyin ya ɗauka ya rarraba ba. Deadheads sun bambance mai sayarwa da mai ajiyewa, suka tsani na farko suka girmama na biyu. Mu mun haɗa su a buhu ɗaya.

Da gari ya waye, bayan mun tashi daga makaranta ido jawur, muka buɗe akwatin ƙarfen, don yana hannunmu tun rabon gado. Uwargida ta ce, "Malam, lafiya kake tonon tsummokara da tsakar rana?" Kaset ɗin yana cikin ƙyallensa. Muka kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwa wanda har yanzu yake da rikoda mai aiki, muka ce ya juye mana duk abin da ke ciki a waya, ko waƙar Indiyan ce. Muna tsaye yana juyawa. Can ƙarshen fuska ta biyu waƙar Indiya ta yanke, don ashe shirin rediyon ya ƙare kafin zaren ya ƙare, aka yi ɗan shuu, sai ga garaya. Minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Makaɗin yana sauke waƙar, ya ambaci sunan kakanmu sau biyu, wata mata ta rangaɗa guɗa, wani namiji kusa da makirfo ya yi tari ya ce a kawo ruwa. Muryar Baba ce. Shi bai taɓa sanin wannan ya tsira ba, don bai kai ƙarshen zaren ba.

A daren muka tura wa duk 'yan'uwa da ke da waya, har da 'ya'yan baffan nan. Ranar Litinin muka sa wa 'yan aji biyar. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kakata 'yar wajenku ce, ina jin tana yin wannan in tana tsince shinkafa." Ranar Asabar muka je gidansu da goro. Tsohuwar ta saurari minti biyun, ta sa aka maimaita mata, sa'an nan ta ce ai ba haka yake sauke ta ba a bikin da ita ta gani, ta gyara zama ta rera nata, wajen minti tara, da sunayen da ba mu taɓa ji ba. Mun ɗauka. Mun tura wa mutum goma sha ɗaya, har da yaron na Amurka. Ya amso cewa sautin bai fita sosai ba, akwai kukan akuya a tsakiya, ya kuma tambaya ko muna da ranar da aka yi bikin.